Daga Bukuru zuwa Taminus

Ƙarfe shida da kwata, ruwan Agusta
bai ɗauke ba tun daren jiya.
Mu sha takwas a bas ɗin da aka ƙera wa sha huɗu,
gwiwata a bayan wani, gwiwar wani a bayana,
tagogi duk a rufe,
don sanyin Jos ba ya sallama.

Gilashi ya yi gumi.
Numfashinmu ke nan, na ce a raina,
nawa da na ɗan makaranta da na mai buhun kabeji,
ya cakuɗe yana gangarowa layi-layi.

Kafin Zarmaganda dattijon ya fara.
Ba tarin gyaran murya ba ne,
wannan daga can ƙasan ƙirji ya taso,
kamar ana jan guga a rijiyar da ta kusa ƙafewa.
Sau ɗaya. Sau biyu. Na uku ya daɗe.
Ba wanda ya ce masa sannu.
Wata ta ja bakin mayafi ta rufe hanci,
wani ya ƙura wa wayarsa ido
sai ka ce a ciki ake raba iska.

A gida na bar Zuwaira,
shekara bakwai, sikila.
Murar da za ta yi wa ɗan maƙwabci kwana biyu
ita sai ta kai ta gadon asibiti,
ta kai keken ɗinkina jingina.
Likita ya ce, ku guji cunkoso.
Na so in tambaye shi wace mota yake hawa.
Shatar keke dubu biyu ce,
ɗinkin wando dubu ɗaya da ɗari biyar.

Direba, a buɗe taga mana!
Ya ce ta maƙale tun bara.
Mai goyo ta ce ko tana buɗuwa a bar ta,
jaririna wata biyu ne, sanyi zai kama shi.
Ta yi gaskiya.
Ni ma na yi gaskiya.
Gaskiya biyu a kujera ɗaya, kowace ta takure.

Sabitu kwandasta ya cije kuɗi a baki,
ya lashi yatsa, ya ƙirgo canjina.
Ɗari biyu mai danshi, ta yi laushi kamar dafaffen ganye,
ta bi hannu biyar kafin ta iso.
Wa ke ƙin canjinsa?

A Daɗin Kowa abin ya taso mini.
Ɗan ƙaiƙayi ne kawai a maƙogwaro.
Na haɗiye, ya dawo.
Na danne, na karanta abin da na iya,
idona ya kawo ruwa,
na riƙe shi har mahaɗar Sakatariya,
a nan ya ƙwace.

Kafaɗar da ta jingina da ni tun Bukuru
ta janye.
Na so in ce ƙurar yadi ce, jama'a,
tela ne ni, auduga nake shaƙa,
amma wa ya tambayi dattijon nasa dalilin?
Shi ne ma ya waiwayo.
Sannu, ɗana, ya ce.

Ngo Kaneng mai kabeji ta kwance bakin zane,
ta miƙo mini guntun citta.
Na dubi hannun, na dubi cittar.
Na karɓa.

A Taminus na sayi ruwan leda
na wanke hannu har sau biyu, ba sabulu.
Da magariba zan sake hawa, a sake ƙirga mu.
Zuwaira za ta sheƙo da gudu tun daga zaure,
in ce tsaya nan, Uwata, bari in cire riga.
Ta san dokar.
Takan tsaya a bakin ƙofa, hannu a buɗe,
tana ƙirgawa da ƙarfi,
kuma kullum sai ta tsallake bakwai da takwas.