Almakashin Babana

A Angostura, tudun da gajimare ke kwana,
babana Eulogio ya fara datsar gahawa yana ɗan shekara tara.
Yakan gane reshen da ya gaji tun ganyensa bai nuna ba.
Yakan ce: Nubiela, itace ba ya fushi da almakashi
muddin hannun ya san shi.

Yau ina Medellín, hawa na huɗu,
na sunkuya kan madubin ƙara girma.
Yankin ƙwaƙwalwa ne a gabana, bai kai kaurin ɓawon albasa ba.
Wani ya bar mana ita wasiyya, lambarsa kawai na sani.
Na ɗiga rini, sai ga su kore shar,
'yan ƙwayoyin garkuwa, hannuwa ko'ina kamar gizo-gizo,
suna lalube cikin duhu.

Shara da gadi ne aikinsu, ba sa runtsawa.
Su kwashe matacce, su tsinke hanyar da aka daina bi.
Tun muna goye suke mana wannan gyara.
Sai wata ƙazanta ta daskare tsakanin jijiyoyi,
su yi mata zobe, su ci, su ci, ta ƙi ƙarewa.
Hannuwa su noƙe, jiki ya kumbura,
rai ya ɓaci.
Daga nan ba sa tambayar reshe ko yana numfashi.

Na so in kira su maciya amana, bakina ya ƙi.
Garin gyaran gira ne suka tsone ido.

Wata Talata, yana da arba'in da takwas,
inna ta tarar da shi ya kwantar da layi uku,
rassa masu jajayen 'ya'ya, saura mako a tsinka.
Ya share gumi da hularsa, yana murmushi:
Na gama. Gonar wa ce? A biya ni.

Ran Lahadi nakan hau motar safe.
Ba ya kiran sunana, baiwar Allah yake ce mini.
Na zaunar da shi a rana, na ɗauko ɗan almakashi,
na kama yatsunsa zan rage farce.
Ya riƙe wuyan hannuna, da sauran ƙarfinsa,
ya daɗe yana duban bakin ƙarfen.

A hankali, ya ce,
akwai mai rai a ƙarƙashi.

Sakamakon gwajin jinina na cikin jaka tun Afrilu.
Ban yage ambulan ɗin ba.
Na koma kan babban yatsa.