Kore Biyu, Ba Gaisuwa

Ƙarfe tara na dare, ɗakin na'urori,
hawa na biyu a kan titin Biu, cikin Gombe.
Sanyin ɗakin ya shige min ƙashi,
shayin da Gidado mai gadi ya kawo ya huce tun tuni.

Tun la'asar reshenmu na Bajoga ya yi ɗif.
Allo na faɗa min abu guda, ya ƙi sakewa:
waya na da rai, magana ce ta mutu.
Kamar gidan da kake hango hayaƙin tuwonsa,
ka yi sallama sau uku, ba mai amsawa.

Na kira Bappayo a can ɗaya bakin.
"Fitilarka wace iri?" Ya ce, "Kore shar."
Na ce, "Tawa ma."
Kore biyu, ba gaisuwa.

Na durƙusa bayan akwatin ƙarfe,
tocila a baki, gwiwa a siminti,
na zare kebul na ƙirga haƙoransa,
sittin cif, ba wanda ya lanƙwashe.
Na hure, na mayar, na ɗaure sukurori.
Na zargi ɓera, ɓera ya wanke kansa.
Na zargi tsawar jiya,
na zargi masu haƙa kwalbati a hanyar Malam Sidi,
har sabon yaron da muka ɗauka bai tsira ba,
alhali yana gida yana barcinsa.

Duk daƙiƙa goma rautar nan sai ta tambaya:
"Kana nan?"
Ta ƙirga shirun, ɗaya, biyu, uku,
ta rubuta cewa ya tafi,
sannan ta sake tambaya.
Ba ta yin zuciya.

Sai na naɗe layin, na kai bakinta kunnenta,
abin da ta faɗa ya dawo mata.
Nan take ta ce lafiya lau.
To, wa ya taɓa saɓawa da muryarsa?
Bappayo ya naɗe nasa, can ma lafiya lau.
Kowa mai gaskiya ne a ɗakinsa.

Muka bi saiti layi-layi,
ina karantawa, yana amsawa,
kamar masu duba takardar gona.
Harshe ɗaya suke yi? Ɗaya.
Adireshi? Daidai.
Katina ya kusa ƙarewa,
sauro ya gano inda safata ta huje.

"Tsaya," in ji Bappayo, "wa ke ba da agogo?"
Na ce, "Kai mana." Ya ce, "A'a, nan an rubuta kai ne."

Ashe da wuta ta ɗauke jiya
modem ɗin Bajoga ya manta shi ne makaɗi,
ya tsaya yana jiran kiɗa daga Gombe,
na Gombe na jiran Bajoga.
'Yan rawa biyu sun ci ado a fili,
kalangu na ajiye a tsakaninsu.

Kalma ɗaya ya canja.
Sha ɗaya da kwata layi ya tashi.
Na ƙwanƙwasa sau biyar, biyar suka dawo.
Gobe 'yan fansho za su karɓi nasu,
ba wanda zai san an yi durƙuso a kansu.

A bakin get, Gidado na laluben mukulli,
na zauna kan mashin ban tayar ba.
Lambar Hammadu na nan a wayata,
wata bakwai tun rabon shanun Baba a Dukku.
Ban goge ba. Na san shi ma bai goge ba.
Shi ne ƙarami, in ji ni, shi ya kamata ya fara.
Ni ne babba, wataƙila haka yake cewa.

Dare ya yi, na ce, sai da safe.
Gidado ya buɗe get, yana jira.
Can sama wata aba da ba ta da uwa ba ta da uba
tana ta tambaya duk daƙiƙa goma.

Na danna.
Tana shiga.