Kurkunu da Doka

Ni na riƙe masa zabira shekara goma sha tara,
ni na daka masa saiwa a turmin nan mai tsaga.
In na ba da labarin Malam Barmo na Gafai,
ba ji na yi ba, gani na yi.

Da fari kurkunu ya sani.
Damina na sauka, manoma su zo da rarrafe,
ƙafa ta kumbura kamar tulu,
can gona ciyawa na cin gero.
Sai ya ɗauki tsinke, ya kama kan zaren,
ya naɗa kaɗan, ya ɗaure, ya ce, "Gobe."
Mai ciwo ya ce, "Malam, ja mana!"
Ya ce, "In na ja ya tsinke, ƙafarka za ta biya."

Ba littafi ya gaya masa ba, ƙirga ya yi:
masu shan kududdufin bayan majema
su ke cika mana zaure.
Masu rijiya kuwa, sai dai gaisuwa.

Shekarar da agana ta ratsa Masanawa
aka kira shi majalisa.
Rawanin ya yi masa yawa,
yana tafe yana tallabe shi kamar kayan aro.
Aka zaunar da shi cikin masu zancen haraji,
kuɗin karofi, iyakar gona, kuɗin rafi,
shi kuwa bakinsa ɗaya: ruwa.
A yi wa rijiya baki da murfi.
A fitar da majema bayan ganuwa.
A tace abin sha da ƙyalle.

Sarkin majema ya ce, "Nan kakana ya jeme fata."
Wani ya ce, "Yau ga mai magani na kashe kasuwarsa!"
Aka yi dariya, aka tashi.

Ranar muka tarar da Tanimu maƙeri
ya cika a zaurenmu yana jira.
Malam bai ci tuwo ba.
Na ce, "Ka aje rawanin nan, mu koma turmi."
Ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce,
"Ɗanjuma, ƙafar gari ce a hannuna.
Kaɗan. Gobe."

Shekara biyu, rijiya uku ta sami murfi.
Ta tara, majema ta kwashe zuwa Ƙofar Guga,
har yau 'ya'yansu ba sa gaishe ni.
Zancen ƙyalle bai shiga takarda ba.
Yatsunsa sun fara rawa,
ni na koma naɗa zaren yana kallo,
har ranar da ya daina kallo.

Bana mutum shida suka zo da rarrafe.
Da, arba'in ne.
Ƙyallena na bakin randa, maƙwabta na zunɗe na.
Tsinkensa na cikin zabira,
da sauran zare a jikin Katsina.