Shafi na Tara

Dusar ƙanƙara ta toshe tagar aji a Winnipeg,
takalma na ɗiga a bakin ƙofa.
Malama Okerlund ta ɗaga littafi,
tana juya shi kowa ya gani:
furanni rawaya, jajayen ambulan,
sabuwar shekarar mutanen Biyetnam.

A shafi na tara Thuy ta ɗaga hannu,
ita da ba ta ce uffan ba tun Satumba.
"Ba haka ake ƙulle dunƙulen shinkafa ba.
Kakata da haƙori take riƙe zaren."

Malama ta kife littafin a cinya.
"Zo ki nuna mana."

Har aka kaɗa ƙararrawa
yara ashirin na naɗe takarda,
aji tsit,
kowa da zare a baki.