Rabin Kilo

Ran Laraba Kaka Tasalla ta tashe ni kafin zakara,
ta ce, "Sammani, ɗauko alƙalami, yau da magana."
A Maiurno muke, bakin Nilu,
injin ban-ruwa yana tari can cikin gonar ayaba,
ita kuwa hankalinta yana Gwadabawa,
garin da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba.

"Rubuta: zuwa ga Ilu ɗan Baffa.
Gaisuwa da fatan alheri.
Ka ce gwiwa ta matsa mini.
A'a, goge wannan,
kada a ce mun aika ciwo cikin ambulan.
Ka ce akuya ta haifi biyu.
Ka ce ga dabino nan, ɗan Dongola,
ya ci, ya tuna damina biyu da ya yi a zaurenmu
yana tara kuɗin jirgin Jidda."

Inna ta farke tsohon buhun sukari, ta wanke, ta shanya.
Aka sa hulba,
aka sa turaren sandal, kwalbar a cikin safar Baba,
mayafi ruwan toka na matar Ilu,
carbi ɗaya,
dabino a can ƙasa kamar harsashin gini.
Basilla ta shiga ta fita har bakin buhu ya yi shiru.
Ni na rubuta adireshi sau biyu,
Larabci daga dama, boko daga hagu,
suka haɗu a tsakiya suna kallon juna.

Motar Sinnar ta kwashe ni da buhu a cinya,
da fam bakwai da Kaka ta kwance daga bakin zane.

A gidan waya, wanda a nan ake kira Bosta,
fanka tana juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan.
Ustaz Tajussir ya ɗora ƙunshin kan sikeli,
allura ta yi rawa, ta wuce inda kuɗina ya tsaya.
Ya dube ni ta saman tabarau:
"Yaro, ko ka ƙaro fam biyu, ko ka rage rabin kilo."
Ya miƙo mini reza.

Babu Kaka, babu Inna.
Ni kaɗai, shekara goma sha uku, da layi a bayana.
Carbi ba shi da nauyi.
Mayafi amanar mace ne.
Turare kuwa kuɗin akuya guda.
Na zura hannu har ƙasa, na zaro harsashin.

Aka sake ɗinki, aka lashi kan sarki shida,
hatimi ya sauka, dum, dum,
buhu ya bi 'yan'uwansa ta wata ƙofa.
Wasiƙar tana ciki, da dabinonta a rubuce.

A kan madatsar ruwa na zauna na cinye shaida,
ina jefa ƙwallayen ɗaya ɗaya cikin Nilu.
Da na koma Kaka ta ce, "Ya tafi?"
Na ce, "Ya tafi."
Ba ta tambayi abin da ya hana ni cin tuwo ba.

Wata bakwai, bayan an yanke dawa,
amsa ta zo ta shagon Haj Daffalla.
Aka zaunar da ni tsakar gida, ni ne mai karatu.
"Saƙo ya iso lafiya, Allah ya bar zumunci.
Mayafi ya yi wa Dije kyau.
Dabino kuwa..."
Nan harshena ya sarƙe.
"Dabino kuwa ban taɓa cin irinsa ba,
na raba wa maƙwabta, har liman ya samu uku."

Kaka ta tafa hannu: "Na san halin Ilu da zaƙi!"

Na naɗe takardar a hankali.
Wani tsoho da ban taɓa gani ba,
can bayan Darfur, bayan Chadi, bayan Barno,
ya zazzage buhu, ya laluba, bai samu ba,
ya ɗauki alƙalami ya rufa wa wani asiri
ba tare da ya san ko wane ne ba.

Yau ni ke aika ƙunshi, kuma ina aunawa tun a gida.
Amma duk wanda zai tafi Gwadabawa,
'ya'yan Ilu sun sani:
akwai rabin kilo na dabino a sama,
wanda ba a ambata a wasiƙa.