Ƙirgen Takalma

Littafi ya ce mutum tara ne a ciki.
Saje ya juyo mini da shi,
ya ɗora yatsa a kan lambar
kamar mai danne ƙuda.
Na yi godiya. Na saki birona ya faɗi ƙasa.

A ƙarƙashin kanta, inda ake tuɓe wa mutum sunansa,
na ƙirga:
silifa bakwai, ɗaya an ɗaure shi da waya,
kambas biyu na 'yan makaranta,
na roba huɗu masu jar lakar ramin kuza,
sai wani sau-ciki da ya sha mai,
da gani mai shi ɗaurin aure ya nufa.
Goma sha huɗu.
Takalmi ba ya kawo kansa caji ofis.

Jibi a Abuja za a zauna da baƙi,
masu auna ƙasa kafin su buɗe mata ƙofa.
Za a ba su ruwan gora da rahoto mai sheƙi.
Shafi na sha bakwai ya rantse
ba wanda ke wuce kwana biyu bai ga alƙali ba.
A keke na karanta shi, daga Taminus zuwa Farin Gada,
ruwan Jos yana dukan tamfol,
har na kusa yarda.

A bencin waje Ngo Kaneng na rungume da kular gwate.
Kullum tana ajiye tsinken ashana ɗaya a haɓar zane.
Ta kwance mini: ashirin da uku.
Kusa da ita Baba Ɗanliti na Gangare,
shi ya daina ƙirge,
carbinsa ya bar wa aikin.
Ba su tambayi juna wace unguwa ba.
Lema ɗaya suke ciki.

An yi wa bango sabon fenti.
BELI KYAUTA NE, da manyan baƙaƙe.
Na jingina, ya bi ni gida a bayan riga.

Namu rahoton warƙa huɗu ne,
Lantana ta buga shi kafin a ɗauke wuta.
An ba mu minti uku, bayan shan shayi.
Wani mai babbar riga ya ja ni gefe:
kada ki kwance wa ƙasarki zane a kasuwa.
Na ce, ranka ya daɗe, zanen a yage yake,
allura na kawo.

Baƙi sun rubuta. Ban san me suka rubuta ba.

Litinin na koma.
An share ƙarƙashin kanta tas,
har da ƙanshin turare.
Saje ya yi murmushi, ya juyo littafi: tara.
Na roƙi kujera, na ce ƙafata ke ciwo.
Bayan ƙofar ƙarfe wani ya yi tari,
wani ya amsa da nasa, mai kauri.
Na buɗe sabon shafi.
Ɗaya.
Biyu.