Kwarin Bayan Gidanmu

Kakana ya sare dajin nan da gatari ɗaya,
ya cinna wuta, ya zuba tumaki.
Na gaji gatarin, na gaji tumakin,
na gaji lakar da ke gangarowa
har ƙofar madafi in ruwan Yuli ya ɓarke.

Totara uku suka rage a gindin kwari,
tsofaffi, shanu na susar wuya a jikinsu.

Wata Asabar Ngaire ta iso da akori-kura
maƙil da dashen manuka a baƙaƙen leda,
'yan makaranta a baya, kowa da shebur.
Tsoho Rewi na kafa turakun shinge yana mita,
wai ƙasata ta fi kan ɗansa tauri.

Mun dasa ɗari huɗu. Zomaye suka cinye rabi.
Muka sake.
Kowace Lahadi ina zaga tarkunan ɓera,
gwiwata na kuka kamar tsohon ƙyaure.

Shekara ta shida, da hantsi,
kereru ta sauka, kurciyar nan mai farin ƙirji,
ta ci, ta yi kashi, ta tashi abinta.
A gurbin kahikatea ya tsiro,
ba hannun kowa a ciki.

Ngaire ta ce sai ya shekara ɗari uku zai isa.
Na ce to, ina zan je?

Jiya jikata Marnie ta ga gatarin a rataye,
tsatsa ta cinye bakinsa.
Ta ce, na mene ne wannan?
Na ce, riƙe min dashen nan tukuna,
in tona rami.